Shekarar 1924: Makokin Halifanci da Abin da Muka Kasa Dubawa

Ranar 3 ga Maris, 1924, majalisar dokokin Turkiyya da ke zama a Ankara ta zartar da dokar da ta soke halifanci, ta kuma ba da umarnin a fitar da dukan zuriyar gidan sarautar Usmaniyya daga ƙasar. Washegari da sassafe aka ɗauki halifa na ƙarshe, Abdulmajid na Biyu, daga fadarsa ta Santambul, aka kai shi wata tashar jirgin ƙasa da ke wajen birni don kada jama'a su taru a kansa, aka sa shi a jirgin da ya nufi Suwizalan. A ranar 3 ga Maris ɗin ce kuma, kamar yadda aka rubuta a tarihin rayuwarsa, aka haifi wani yaro a Umuahia da ke gabashin Nijeriya, aka raɗa masa suna Johnson Aguiyi-Ironsi, wanda bayan kusan shekara 42 ya zama soja na farko da ya mulki ƙasar nan. Ba na cikin masu neman asiri a haɗuwar ranaku, domin kowace rana ta Allah ana haihuwa ana mutuwa. Na kawo wannan ne saboda ya tattara mini abin da nake so in faɗa game da shekarar gaba ɗayanta.

Masu jera abubuwan da suka faru a shekara sukan kasa su gida uku: manyan al'amura, waɗanda suka mutu, da waɗanda aka haifa. Wannan kaso yana da sauƙin karantawa, amma yana raba abubuwan da ya kamata a gan su a haɗe. Idan aka karanta 1924 a dunƙule, abin da ke fitowa shi ne miƙa mulki daga wani irin tsari zuwa wani: daga dauloli da gidajen sarauta da ke kafa hujjarsu da jini ko addini, zuwa ƙasa mai iyaka da tuta da fasfo, wadda sau da yawa jam'iyya ɗaya ko mutum ɗaya ke riƙe da wuyanta. Ra'ayina shi ne, mu Musulmin wannan yanki, musamman tun da aka cika shekara 100 da faruwar abin a 2024, mun ɗauki ranar 3 ga Maris mun mai da ita ranar da aka fara rushe mu, alhali ba a nan gizo ke saƙa ba. Muna kuka a kan rawanin da ya faɗi, mun kasa tambayar dalilin da ya sa babu wanda ya iya ɗauka, mun kuma kasa duba abin da aka ɗora mana a madadinsa.

Abin da Mustafa Kamal, shugaban Turkiyya na lokacin, ya soke a 1924 suna ne da ya riga ya rabu da iko. An ci Daular Usmaniyya a Yaƙin Duniya na Ɗaya, sojojin ƙawance suka mamaye Santambul, ƙasashen Larabawa suka koma hannun Ingila da Faransa. A ranar 1 ga Nuwamba, 1922, majalisar Ankara ta soke sarautar sultan, bayan makonni biyu kuma Sultan Muhammad Wahiduddin ya bar birnin a cikin jirgin ruwan yaƙi na Ingila. Ita majalisar ce da kanta ta zaɓi ɗan'uwansa Abdulmajid ta ce ya zama halifa, amma ba soja, ba baitulmali, ba ikon naɗa ko alƙali ɗaya. An bar masa rawani, an karɓe sanda. Da aka kafa jamhuriya a watan Oktoban 1923, sai ya zama ana da shugaban ƙasa a Ankara da halifa a Santambul, kuma duk mai hankali ya san takobi biyu ba za su daɗe a kube ɗaya ba. Abin da ya gaggauta ƙarshen ma daga masoya ya fito: wasu manyan Musulmin Indiya biyu, Aga Khan da Sayyid Amir Ali, sun rubuta wa firaministan Turkiyya wasiƙa suna roƙon a ɗaukaka darajar halifa, jaridun Santambul suka buga ta, mutanen Ankara kuwa suka ce ga shaida nan cewa 'yan ƙasashen waje da ke ƙarƙashin Ingila suna amfani da kujerar don tsoma baki a harkar Turkiyya.

Ban ce abin da aka yi ƙarami ba ne. A rana ɗaya da soke halifanci aka rufe ma'aikatar shari'a da waƙafi, aka kafa hukumar gwamnati da za ta riƙa kula da addini, aka mai da dukan makarantu ƙarƙashin ma'aikatar ilimi, abin da ya kai ga rufe makarantun addini na gargajiya. Mutane sun ji zafin wannan ƙwarai. Musulmin Indiya, waɗanda suka shafe shekaru suna gwagwarmayar kare halifanci har Gandhi ya mara musu baya, sun wayi gari abin da suke karewa masu shi sun yar da shi. Kurdawa ƙarƙashin Shaihu Sa'id sun yi tawaye a farkon 1925, aka murƙushe su da ƙarfi. Duk wanda ya raina wannan ciwo bai fahimci abin da sunan halifa yake nufi a zukatan mutane ba.

Amma abin da ya biyo baya shi ne ya fi cancantar a tsaya a kansa, kuma shi ne masu makoki suka fi tsallakewa. Kujera ta zama babu kowa a kanta, kuma babu wata doka ta Ankara da ta hana sauran Musulmin duniya su naɗa wani. Cikin 'yan kwanaki Sharif Husaini na Makka, wanda ya yi wa Turkawa tawaye a 1916 da taimakon Ingila, ya ayyana kansa halifa. Ban da Hijaz da ƙasashen da 'ya'yansa ke sarauta da wasu 'yan wurare a Sham, kusan babu wanda ya amsa masa, domin da yawa suna kallonsa a matsayin wanda ya taimaki Turawa suka karya daular. Sarki Fu'ad na Masar shi ma ransa ya biya, malaman Azhar suka shirya taron da aka yi ta ɗagawa har sai watan Mayun 1926, aka taru a Alƙahira aka watse ba a naɗa kowa ba. Abdul'aziz ɗan Sa'ud, mai mulkin Najad da ke tsakiyar ƙasar Larabawa, ya kira nasa taron a Makka bayan wata ɗaya, shi kuma bai ma sa batun halifanci a gaba ba. Gaskiya ne Ingila da Faransa ba su so a samu wata murya ɗaya da za ta yi magana da Musulmin da suke mulka, kuma sun yi abin da za su iya. Sai dai ba su ne suka sa Fu'ad ya ƙi Husaini ba, ba su ne suka sa ɗan Sa'ud ya ƙi Fu'ad ba. Kowane sarki ya yarda a yi halifa matuƙar shi ne, idan kuwa wani ne, ya gwammace a zauna babu. Wannan hali bai mutu da su ba.

Akwai kuma wani abin da ya kamata mu tuna game da kanmu. Ƙasar Hausa ba ta taɓa zama ƙarƙashin Santambul ba. Borno ta yi musayar manzanni da Usmaniyawa a zamanin Mai Idris Alauma a ƙarni na 16, amma wannan hulɗar dauloli biyu ce. Mubaya'ar mutanen daular Shehu ga Sarkin Musulmi na Sakkwato take, kuma ranar faɗuwar tamu ta riga ta Turkawa da shekara 21, lokacin da sojojin Lugga suka shiga Sakkwato a watan Maris na 1903, aka kuma kashe Sarkin Musulmi Attahiru na Ɗaya a Burmi a watan Yuli. A cikin 1924 ɗin nan Sarkin Musulmi Muhammadu Maiturare ya rasu, ɗansa Muhammadu Tambari ya gaje shi da amincewar Turawa, kuma a 1931 ya bar gadon ƙarƙashin matsinsu. Tun a 1923 sun kama Malam Sa'idu ɗan Hayatu, jikan gidan Shehu, bisa tsoron Mahadiyya, suka kai shi zaman gudun dole a Buea da ke Kamaru. Wato Mustafa Kamal ya ɗauke sunan ya fito fili ya ce babu, Turawan Ingila kuwa sun bar sunan da algaita da dogarai, suka riƙe ikon naɗawa da tuɓewa a aljihunsu. Na daɗe ina tunanin wanne ya fi yin tasiri a tunanin mutane, kuma na fi karkata ga cewa hanya ta biyu ce, domin wanda aka ƙwace wa abu a fili ya san an ƙwace, wanda aka bar wa kwanson kuwa yana iya shekara da shekaru yana zaton ƙwan na ciki. Ikon nan na naɗawa da tuɓewa shi ne gwamnonin jihohi suka gada, kuma muna ganin yadda suke wasa da shi.

Idan ana neman abin da ya faru a 1924 wanda ya taɓa rayuwar Bahaushe kai tsaye, to Makka za a duba. A watan Satumba mayaƙan Ikhwan na ɗan Sa'ud suka faɗa wa Ɗa'ifa, aka kashe ɗaruruwan mutanen gari, tsoro ya kama Hijaz. Manyan Jidda da Makka suka matsa wa Sharif Husaini ya sauka a farkon Oktoba, ya bar wa ɗansa Ali, halifancinsa bai fi wata bakwai ba. A tsakiyar watan mayaƙan Najad suka shiga Makka ba tare da faɗa ba, shi kuma Abdul'aziz ya shigo a watan Disamba sanye da harami. Madina da Jidda sun miƙa wuya a ƙarshen 1925, a 1932 kuma aka haɗa ƙasar aka kira ta Saudiyya. A wancan zamanin alhazanmu da ƙafa suke tafiya, ta Borno da Wadai da Darfur, suna tsayawa su yi noma ko ƙwadago a Sudan su tara guzuri, wasu su shekara biyar ko fiye a hanya, wasu su zauna can gaba ɗaya kamar mutanen Mai Wurno da ke bakin Shuɗin Nilu. Waɗannan mutane sun tarar da sababbin masu gida a Harami, da sabon hukunci a kan ziyarar ƙaburbura da ƙubbobi da zikirin ɗariƙu, sun kuma tarar da hanyar da ta fi aminci daga 'yan fashin da suka addabi ayari a ƙarshen zamanin Sharif. Wanda ya riƙe Makka da Madina, daga baya kuma ya samu man fetur ya gina jami'o'i ya buga littattafai, ya yi tasiri a kan yadda ake wa'azi da jayayya a masallatan Kano da Kaduna da Maraɗi fiye da duk wani halifa da ya taɓa zama a Santambul. Ko mutum yana murna da wannan tasiri ko yana baƙin ciki da shi, tushensa a watannin ƙarshe na 1924 yake, amma ban cika jin ana tuna watan Oktoba yadda ake tuna watan Maris ba.

A ɓangaren mace-mace, mutum biyu ne suka cika shafukan jaridu, kuma tsakanin mutuwarsu kwana 13 ne kacal. Lenin ya mutu ranar 21 ga Janairu yana da shekara 53, aka sauya wa birnin Petrograd suna zuwa Leningrad, aka adana gawarsa don a riƙa kallo. Wasiyyar da ya bari, inda ya ba da shawarar a cire Stalin daga muƙamin babban sakataren jam'iyya, an karanta wa wakilai a asirce a watan Mayu, aka rufe maganar, Stalin ya ci gaba da zama. Woodrow Wilson, tsohon shugaban Amurka, ya bi shi ranar 3 ga Fabrairu. Shi ne ya cika duniya da maganar 'yancin kowace al'umma ta zaɓi makomarta, har Misirawa da Koriyawa da Indiyawa suka ɗauka da su ake, sai a taron sulhu na Faris a 1919 suka gane cewa da mutanen Turai yake. Majalisar dattawan ƙasarsa ma ta ƙi shiga ƙungiyar ƙasashen da ya yi wa fafutika, kuma wata uku da 'yan kai bayan mutuwarsa Amurka ta kafa dokar shige da fice da ta ƙayyade adadin baƙi bisa asalin ƙasarsu, ta rufe ƙofa ga mutanen Asiya. Duk da haka, abubuwa biyu da waɗannan mamata suka bari sun fi su tsawon rai: Wilson ya bar ra'ayin cewa kowace al'umma sai ta samu ƙasarta, Lenin ya bar dabarar jam'iyya ɗaya mai ladabtar da 'ya'yanta wadda ke cewa ita ce bakin jama'a. Masu neman 'yanci a Afirka sun ɗauki duka biyun, har waɗanda ba su taɓa son gurguzu ba.

Sauran alamun shekarar duk hanya ɗaya suka nuna. A Italiya 'yan daban Fasist sun sace ɗan majalisa Matteotti a watan Yuni suka kashe shi saboda ya fallasa maguɗin zaɓe, Mussolini kuwa maimakon ya faɗi sai ya ƙara ƙarfi. A Jamus kotu ta yanke wa Hitler ɗaurin shekara biyar a watan Afrilu saboda yunƙurin juyin mulki, aka sake shi kafin Kirsimeti. A Sudan ƙungiyar Farar Tuta ta Ali Abdullaɗif ta fito da zanga-zanga, da aka harbe gwamna janar na Sudan, Lee Stack, a Alƙahira a watan Nuwamba kuma, Ingila ta ci Masar tarar fam 500,000, ta kori sojojinta daga Sudan, ta murƙushe sojojin Sudan da suka yi bore a Khartum, Sa'ad Zaglul ya ajiye muƙamin firaministan Masar.

Jerin haihuwa shi ne ya fi ba ni mamaki. A cikin wannan shekara ɗaya aka haifi Robert Mugabe a watan Fabrairu, Ironsi a Maris, Kenneth Kaunda a Afrilu, Dauda Jawara a Mayu, Ahmadu Ahijo a Garwa a watan Agusta, sai Daniel arap Moi da Amilcar Cabral a Satumba. Babu ɗan babban sarki a cikinsu. Mugabe da Kaunda da Moi malaman makaranta ne, Ahijo ma'aikacin gidan waya ne, Jawara likitan dabbobi, Cabral masanin aikin gona, Ironsi kuwa daga ƙaramin soja ya faro. Makarantar boko da aikin gwamnati ne suka ɗaga su, kuma lokacin da Turawa suka tashi tafiya akasarinsu suna da shekara 35 zuwa 40, daidai ƙarfin karɓar mulki. Abin da suka karɓa shi ne ƙasa irin wadda aka ƙera a shekarun haihuwarsu, mai iyakar da wani ya shata, mai fadar mulki ɗaya da komai ke komawa gare ta.

Yadda suka yi da ita sananne ne. Ahijo ya narkar da jam'iyyu cikin ɗaya a 1966, ya soke tarayyar Kamaru a 1972. Kaunda ya mai da Zambiya ƙasar jam'iyya ɗaya a farkon shekarun 1970, Moi ya sa aka rubuta haka a tsarin mulkin Kenya a 1982, Mugabe ya haɗiye babbar jam'iyyar adawa a 1987 bayan kisan dubban mutane a Matabelelan, ya zauna har sojoji suka ture shi a 2017. Hujjarsu iri ɗaya ce da ta Mustafa Kamal: ƙasa sabuwa ce, ƙabilu da addinai za su wargaza ta, saboda haka dole murya ta zama ɗaya. Ironsi, wanda mulki ya faɗo hannunsa bayan kisan Sardauna da Tafawa Ɓalewa da manyan hafsoshin Arewa a watan Janairun 1966, shi ma wannan hanyar ya bi da Doka ta 34 ta ranar 24 ga Mayu, wadda ta soke jihohin yanki ta haɗe aikin gwamnati. Arewa, wadda ke cikin makoki da zargi, ta ga dokar a matsayin mamaya, aka yi tarzomar da ta ci rayukan Inyamurai da yawa, shi kuma aka kashe shi a Ibadan ranar 29 ga Yuli tare da mai masaukinsa Fajuyi. An soke dokar, amma gwamnatocin sojan da suka biyo baya, waɗanda akasarinsu 'yan Arewa ne ke jagoranta, sun tattara iko da kuɗi a tsakiya fiye da abin da Ironsi ya rubuta a takarda. Wannan magana ba ta da daɗin ji a wajenmu, sai dai duk wanda ya ga yadda jihohi ke zuwa Abuja karɓar kaso kowane wata ya san haka ne.

Za a iya ce mini zamani ne ya tilasta musu, babu wata hanya. Jawara ya ƙaryata wannan, domin ya riƙe Gambiya da jam'iyyu masu yawa da zaɓe na kusan shekara 30, duk da cewa shi ma ya daɗe har sojoji suka kifar da shi a 1994. Kaunda ma da aka kayar da shi a zaɓen 1991 ya miƙa mulki ya koma gida, ya rayu har 2021 ana girmama shi. Cabral kuwa an harbe shi a Konakiri a watan Janairun 1973 kafin ƙasarsa Gini Bisau ta samu 'yanci, saboda haka ba a jarraba shi da kujera ba. Tsarin da suka gada ya sauƙaƙa kama-karya, amma kowannensu shi ya zaɓi abin da ya yi da shi, kamar yadda Husaini da Fu'ad da ɗan Sa'ud suka zaɓi nasu a lokacin da ake goyon waɗannan a baya. Wannan ne ya sa nake ganin mayar da 1924 labarin makircin waje kaɗai wata hanya ce ta wanke masu mulkinmu, na da da na yanzu, daga alhakin da ke wuyansu.

Ahijo, wanda ya miƙa wa Paul Biya mulki da hannunsa a 1982, ya mutu yana gudun hijira a Dakar a 1989, kuma a can kabarinsa yake. Sharif Husaini ya yi zaman gudun dole a tsibirin Kubrus, ya rasu a Amman a 1931, aka binne shi a Ƙudus. Shi kuwa Abdulmajid ya rayu shekara 20 a Faransa yana zane-zane, ya rasu a Faris a watan Agustan 1944, daidai kwanakin da ake korar sojojin Hitler daga birnin. Iyalinsa sun roƙi gwamnatin Turkiyya ta bari a kai shi Santambul, ta ƙi, gawarsa ta zauna a babban masallacin Faris shekara goma. A 1954 aka ɗauke ta zuwa Madina aka binne a Baƙi'a, da izinin Sarki Sa'ud, ɗan mutumin da ya shiga Makka a shekarar da aka tuɓe shi.